Ƙunshin Gwaggo

Ina aji uku a jami'ar nan ta Wudil, ina karanta ilimin ƙasar noma, aka ce mana makarantarmu ta ƙulla yarjejeniya da wata jami'a a Turkiyya. Za a ɗauki ɗalibai kaɗan su je su yi shekara guda a can kyauta, ci da sha da wurin kwana da kuɗin jirgi, wanda ya yi ƙoƙari kuma ana iya riƙe shi ya ɗora digiri na biyu. Ni ko a jikina. Irin wannan sanarwar mun saba jin ta, kuma a tunanina ba irinmu ake yi wa ita ba. Ni 'yar Darki ce, ubana manomi ne mai kai tumatir da albasa bakin titi. Duk tafiyar da na taɓa yi a duniya ba ta wuce Kano ba, ita ma rakiyar mara lafiya ce.

Akwai wata malamarmu, 'yar gajeriya mai faɗan tsiya, wadda in ta shigo aji ko tari ba a yi. Ita ta tare ni a bakin ɗakin gwaje-gwaje ta tambaye ni ko na nema. Na ce a'a. Ta dube ni sama da ƙasa, ta ce ashe duk makin da nake ci na banza ne, kan nawa babu komai a ciki sai hadda. Ta ja ni ofishinta, ta zaunar da ni gaban komfuta, ba ta bar ni na tashi ba sai da na gama. Bayan 'yan makonni aka yi mana jarrabawa, wasu mutane biyu daga can suka yi mana tambayoyi ta waya. Da sakamako ya fito ina ciki, kuma ni kaɗai ce mace.

Murnar ba ta kai ni bakin gada ba. Ina cikin adaidaita sahu, muna wuce masu soya kifi, sai na tuna da Baba. Baba ba mugu ba ne, wannan in faɗa tun yanzu. Shi ya tsaya kai da fata na wuce sakandare lokacin da 'yan'uwansa ke cewa ya isa haka. Sunan mahaifiyarsa aka sa min, don haka bai taɓa kiran sunana ba, Uwata yake ce min, in ya dawo daga kasuwa ni yake fara miƙa wa leda. Amma ko kwanan makaranta bai yarda na yi ba, kullum sai na shiga mota na je Wudil na dawo. Mutumin da yake ganin Wudil ta yi nisa, shi za a ce wa Turkiyya?

Na fara gaya wa Inna, mahaifiyata. Ta ci gaba da tankaɗenta ta ce Allah Ya sa alheri, in je in gaya wa mai gidan. Haka take, duk abin da ya shafe ni sai ta janye jiki, wai kara. Na gaya wa Yaya, babban wanmu da ke gyaran injinan ban ruwa, ya yi ta dariya yana cewa in na je in turo masa hoton ƙanƙara. Shi ya kai wa Baba maganar. Baba ya ce a'a tun Yaya bai rufe baki ba.

Da Malama ta ji, sai ta ce in ba ta kwatancen gidanmu. Ran wata Asabar ta zo da motarta har ƙofar gida, ta sa dogon hijabi, ta durƙusa a zaure ta gaida Baba kamar ba ita ce mai sa maza rawar jiki a aji ba. Ina laɓe a bayan ƙyaure ina ji. Ta ce masa ƙasar Musulmi ce, ana kiran salla. Ta ce gidan kwanan mata daban yake, akwai mai gadi, akwai uwar ɗaki. Ta ce ita kanta a waje ta yi karatu, ga ta nan da mijinta da 'ya'yanta, babu abin da ya ci ta. Sannan ta shiga yi masa zancen gishirin da ke tasowa a fadamun bakin kogi yana ƙona shuka, ta ce abin da zan je in koyo ke nan. Nan ta kama shi, don fadamarsa guda ta fara fari-fari tun shekarar da ta wuce. Ya ce a ba shi lokaci ya yi shawara. Ya ɗau kwanaki ba ya ko duban inda nake. Rannan da safe ina kai masa koko, ya ce, ba tare da ya ɗago kai ba, “Uwata, ki je. Allah Ya tsare.”

Wallahi ban san lokacin da na zube ƙasa ba. Na yi godiya har ya ce ya isa. Aka shiga hidimar fasfo, Yaya ya yi ta kai ni Kano muna dawowa. Abin da ya rage kawai biza, ita kuma sai an je Abuja an ɗauki zanen yatsun mutum a na'ura. Aka ce mana za a kira mu can gaba, sai bayan wata guda ko fiye.

A nan Gwaggo ta shigo. Gwaggo yayar Baba ce, ita ta goye shi bayan uwarsu ta rasu, saboda haka maganarta a gidanmu ba ta faɗuwa ƙasa. A Ɗankaza take aure, kuma duk yankin an san ta da ƙunshi. Ba irin zanen fulawar nan na 'yan mata da ake yi da dayis ba, ƙunshi na da, wanda ake dumbuza lalle a tafin hannu da yatsu gaba ɗaya, a ɗaure da ganye da leda, in an cire a bi shi da gishirin lalle da toka har ya koma baƙi wuluk yana ƙyalli. In Gwaggo ta yi wa amarya ƙunshi, har ta yi wata a ɗakinta bai gushe ba, kuma da wannan take alfahari. Tana jin labarin tafiyata ta hau babur ta zo da ƙullinta, tun daga zaure take guɗa. Ta ce uwarsu, wato ni, za ta hau jirgi, dole a yi walima. Aka dafa shinkafa, aka kira matan unguwa.

Bayan azahar ta kwance ƙullin, ta fara kwaɓa lalle, ta ce in miƙo hannu. Na san na'ura ba ta shiri da lalle, tun lokacin jarrabawar shiga jami'a ake ja mana kunne. Na ce mata, cikin ladabi, ta yi min a ƙafa da bayan hannu, ta bar min kan yatsun saboda hoton yatsa da za a ɗauka. Kai, da na san abin da zai biyo baya! Ta ajiye kwanon ta dubi matan da ke zaune. Ta ce su ji fa, tun ba a tafi ba an fara ƙyamar hannunsu. Ta ce ita ba za ta bari uwarsu ta shiga cikin baƙin mutane da farin hannu fayau kamar mai takaba ba, a ce ba ta da dangi. Ta ce ita ba ta da kuɗin da za ta ba ni, ba ta da akwati, abin da ta iya ke nan a duniya, in kuma ba na so shi ke nan. Sai ga hawaye. Matan suka yo kaina caa, wannan ta ce boko ya ɓata ni, waccan ta ce ai na'urar ba ta fi uwar ubana ba. Na dubi Inna. Inna ta yi min wani kallo da na sani tun ina ƙarama, ta mayar da kanta kan tukunya. Ko ta ga gaskiyata ba za ta buɗe baki ta goyi bayan 'yarta a gaban dangin miji ba.

Na lissafa a raina, na ga akwai sauran lokaci mai tsawo kafin a kira mu, kan yatsa kuma shi ne ke fara gogewa saboda wanke-wanke. Na miƙa hannu. Ta dumbuza shi son ranta, tana yi tana min kirari, tana cewa Turawan can sai sun tsaya kallo. Na zauna da hannuwa a ɗaure har rana ta yi sanyi, ana ba ni ruwa a baki. Da ta kwance ta bi shi da gishirin, na ji yana cizo kamar an zuba barkono a ciwo, ta ce haka yake, alamar ya kama ke nan. Ya kuwa kama. Ban taɓa ganin ƙunshi mai kyau irin wannan ba, kuma ba zan ɓoye ba, har juya hannun na riƙa yi ina kallo.

Ba a yi mako ba Malama ta kira ni. An matso da ranar. Makarantar can za ta buɗe da wuri, don haka an ce duk mu hallara Abuja cikin 'yan kwanaki. Na dubi yatsuna, baƙi ƙirin kamar na tsoma su a tawadar allo. Na je ofishinta na nuna mata. Ta duba, sannan ta dafe kai. Ba ta yi faɗa ba, kuma da ta yi da ya fi min sauƙi. Ta ce in je in yi ta wanke-wanke da ruwan ɗumi, kada in sa wani abu mai ƙarfi.

Wa zai ji wannan a gidanmu? Labari ya bazu, kowace mace ta zo da maganinta. Wata ta ce lemon tsami, wata ta ce kanwa, wata ta ce man goge baki, wata ta kawo ruwan nan mai wari da ake cire dauɗar farin kaya da shi. Gwaggo ta sake hawa babur ta zo, a ruɗe, ta ce ita ta sa ita za ta cire. Ta zaunar da ni a bakin rariya, ta jiƙa hannuna a ruwan lemon tsami da kanwa, ta ɗauko dutsen goge kaushi ta kama yatsuna ɗaya bayan ɗaya tana dirza. Ina cewa Gwaggo zafi, tana cewa in daure saura kaɗan. Tana dirza tana kuka, ni ma ina kuka. Baƙin ya ragu, ba a ce bai ragu ba. Amma fatar ta tafi tare da shi. Washegari kan yatsuna ya yi jajur, sulɓi kamar bayan cokali, wani wurin yana saɓa wani wurin yana tsattsafo da ruwa. Ko alwala sai ina cije leɓe.

Haka muka tafi Abuja ni da Yaya, daga tashar Wudil zuwa Kano, daga nan muka shiga babbar mota. Duk tsawon hanyar hannuna na cikin hijabi. Yaya ya saya min gurasa da tsire a hanya, na kasa riƙewa saboda yajin, sai shi ya riƙa yago min yana zolayata wai sarauniya.

Ofishin yana da sanyi, ga kujeru a jere, kowa riƙe da takardunsa. 'Yan'uwana ɗalibai maza suka shiga ɗaya bayan ɗaya suka fito suna murmushi, ko minti biyar ba sa yi. Da aka zo kaina, ma'aikacin ya ce in ɗora yatsu huɗu a kan wani ɗan gilashi. Na ɗora. Fitila ta kawo ja. Ya goge gilashin ya ce in sake. Ja. Ya ce in danna sosai, na danna har hawaye ya fito min. Ya ce in sassauta. Ya ce in shafi goshina da yatsun in sake gwadawa. Ya gwada hagu, ya gwada manyan yatsu, ya kira wata abokiyar aikinsa ita ma ta gwada. Mutumin nan ya yi haƙuri da ni, Allah Ya saka masa. A ƙarshe ya ce in buɗe hannun ya gani. Ya duba ya girgiza kai, ya ce ba lallen ne ya fi ɓata abin ba, gogewar ce, babu zanen da na'ura za ta karanta. Ya ce kada in damu, fata tana dawowa, ya rubuta min wata ranar nan da 'yan makonni.

Tun muna bakin ƙofa na kira Malama. Kafin mu kai tasha ta kira ni ta ce ta yi magana da mutanen can, sun ce babu komai, za su riƙe min gurbina, in na samu biza in same su ko da an fara karatu. Na ji kamar an sauke min buhu daga ka. Na yi barci a mota har Zariya. Abin da nake so a gane ke nan: babu abin da ya lalace. Ofishi bai kore ni ba, makaranta ba ta kore ni ba. Jira kawai zan yi fata ta tsiro.

Mun iso gida da la'asar, Baba yana zaure yana ware albasa. Yaya ya ba shi labari tun daga farko, har da sabuwar ranar da aka ba mu. Baba ya tambaya, duk sauran na'urar ta karɓe su? Yaya ya ce ta karɓa. Ya ce ita kaɗai ta ƙi? Yaya ya ce ita kaɗai, saboda hannun. Ya ce sau nawa aka gwada? Yaya, don ya nuna irin ƙoƙarin da aka yi, ya ce ai ba ya ƙirguwa, yatsu goma duk an bi. Baba ya jinjina kai, ya ci gaba da ware albasarsa. Can ya ce in matso.

“Uwata, ranar da na ce ki je, sai da na yi istihara. Na ce ya Allah, in da alheri a tafiyar nan Ka buɗe hanya, in babu Ka tare ta. To ga shi Ya tare. An bar maganar nan.”

Na ce Baba ba a tare ba, an ba ni wata ranar. Ya ce mutane ne suka ba ni wata ranar. Na ce lalle ne fa, da dutsen kaushi. Ya ce to wa ya kawo lallen a daidai wannan lokacin, wa ya matso da ranar? Ya ce komai sai da sababi, kuma shi ba zai ga alama ƙuru-ƙuru ya take ta ya tura 'yarsa bayan duniya ba. Ya faɗi haka cikin natsuwa, babu tsawa, fuskarsa ma kamar ta wanda aka yaye wa damuwa. A nan na gane cewa tun ranar da ya ce in je, zuciyarsa ba ta taɓa tafiya tare da bakinsa ba.

To da me za ka yi musu da wannan? Da cewa ya yi babu kuɗi, da an nemo. Da cewa ya yi yana tsoron tarbiyyata, da an kawo masa shaidu. Amma ya ɗauki maganar ya kai ta inda duk wanda ya taɓa ta sai a ce yana ja da ikon Allah. Malama ta sake zuwa, ta sake durƙusawa a zauren nan. Ta ce masa ai jinkiri ba hani ba ne, Allah Yakan jarraba bawa ya ga ko zai dage. Ya saurare ta har ta gama, ya yi mata godiya, ya sa aka zuba mata albasa a but ɗin mota. Yaya ya je ya samo limamin unguwarmu. Liman ya ce wa Baba a gaskiya ba haka ake fassara istihara ba, amma da ya ga Baba ya ɗaure fuska sai ya juya ya ce ai uba ya fi kowa sanin 'yarsa, albarka kuma tana cikin biyayya. Ya sha furarsa ya tafi.

Mutum ɗaya ce za ta iya juya Baba, Gwaggo. Na hau mota na je Ɗankaza na same ta tana sussukar gero. Na durƙusa na roƙe ta ta yi masa magana, in ta ce ya bar ni zai bar ni. Ta kama hannuna tana dubawa, ta ce ai sun fara warkewa. Sannan ta ce, ita fa tun da aka dawo daga Abuja ba ta iya barci, tana ganin ita ta cuce ni, sai da ƙaninta ya zo ya gaya mata cewa Allah ne Ya bi ta hannunta Ya tsare uwarsu daga wani sharri da ba mu sani ba. Ta ce tun ranar ta samu salama. Ka ji fa. In ta je ta ce masa kuskure ne kawai, to ta dawo da laifin kanta ke nan. Na dube ta, tsohuwa, idonta ya yi ja, na san ba za ta je ba. Ta cika min leda da gyaɗa na dawo.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne yadda kowa ya samu abin da yake so a cikin asarata. Baba ya samu 'yarsa a gida ba tare da an ce ya saɓa alkawari ba. Gwaggo ta tashi daga mai laifi ta koma wadda aka yi aikin alheri da hannunta. Matan unguwa suka samu abin faɗa, duk wadda ta gan ni sai ta ce Allah Ya so ni, wa ya san abin da ke can, ƙila jirgin ne zai faɗi. Jirgin bai faɗi ba. Inna kaɗai ce ba ta ce min Allah Ya so ni ba. Kullum da safe za ta ajiye min man kaɗanya a bakin gado ta fita.

Yatsuna suka warke tas. Tun sabuwar ranar da aka ba ni ba ta zo ba zanen ya dawo, layi-layi, ina ganinsa da idona. Na je na nuna wa Baba, na buɗe masa hannuwan biyu a gabansa. Ya ce alhamdu lillahi, Allah Ya ƙara sauƙi, ya tambaye ni ko an kai wa awaki dusa. Ranar da aka rubuta min, ina zaune a aji a Wudil ana mana lakca a kan magudanar ruwa, ban fahimci ko kalma ɗaya ba. Na yi tunanin in shiga mota in tafi ni kaɗai, na san hanyar, fasfona yana cikin jakata. Amma in na samu bizar fa? In tafi ba da yawunsa ba, in bar Inna da abin da za a yi ta gaya mata har ta mutu? Na zauna har aka tashi. Malama ta rubuta wa mutanen can ta ba su haƙuri, aka ba wani yaro da ke bayana gurbin. Daga ranar in mun haɗu a hanya sai ta amsa gaisuwata ta wuce da sauri, ina jin ita ma abin yana cin ta.

Waɗanda suka tafi suka riƙa turo hotuna a zauren ajinmu na waya, ga su cikin manyan riguna, ga su a ɗakin gwaji da na'urorin da mu a littafi kawai muke gani. Na fita daga zauren. Na gama digirina da sakamako mai kyau, na yi bautar ƙasa, na samu koyarwa a wata sakandaren 'yan mata a nan Wudil, ina koyar da aikin gona. Na yi aure, mijina mutumin kirki ne. Ba na cikin wahala, kada wani ya ji tausayina ta wannan fuskar. Amma wanda aka ba gurbina yanzu yana koyarwa a jami'a, in an yi taro a kan gishirin fadama shi ake kira ya yi bayani. Fadamar Baba kuwa ta mutu, ko ciyawa ba ta fitowa.

Na ɗauka na haƙura. Na riƙa gaya wa kaina cewa mutumin nan da gaske ya yi imani da abin da ya faɗa, tsoron Allah ne ya sa shi, ba son zuciya ba, kuma wanda ya hana ka abu don tsoron Allah ba ka riƙe shi a rai. Da wannan na rayu shekaru.

Bara ƙanena, autanmu, ya samu gurbin karatun injiniya a Masar. Kafin sakamako ya fito yana bin magina yana kwaɓa siminti don ya samu na kashewa, siminti kuwa ya cinye masa fatar hannu. Ya je Abuja ɗaukar zanen yatsa, na'ura ta ƙi shi. Aka ba shi wata ranar. Ni ban ma sani ba, sai da na je gida ran Juma'a gaishe su, na tarar da Baba a zaure yana jirana. Ko zama ban gama yi ba ya ba ni labari, ransa a ɓace, yana cewa an wahalar masa da yaro. Sannan ya ce, “Uwata, ke da kika san abin nan, me ake shafawa fatar ta dawo da wuri?”

Ban taɓa mayar wa Baba magana ba a rayuwata, amma ranar bakina ya riga ni.

“Baba, ai na ɗauka in na'ura ta ƙi mutum, Allah ne Ya tare hanya.”

Ya dube ni. Na zaci zai yi fushi, ko ya sunkuyar da kai. Bai yi ko ɗaya ba. Kallon mamaki ya yi min, irin na wanda aka yi wa zancen da bai gane kansa ba.

“Haba Uwata, na'ura fa? Ƙarfe ne da waya, mutum ne ya haɗa ta. Yaro ya yi aikin siminti hannunsa ya goge, sai a ce ya haƙura da karatunsa?”

Ya manta. Wallahi ba ɓoyewa yake yi ba, ya manta ne. Abin da na kwana da shi na tashi da shi duk shekarun nan, a wurinsa wata 'yar magana ce da aka yi aka wuce. Na so in yi ihu, na so in tuna masa albasar da yake warewa da kalmomin da ya faɗa ɗaya bayan ɗaya. Inna tana tsaye a bakin ƙofar tsakar gida da tsintsiya a hannu, ta ji komai, ta juya ta koma ciki.

Na ce masa yaron ya bar siminti, ya bar wanki, ya riƙa shafa man kaɗanya safe da yamma, kuma kada a bar kowa ya goge masa da komai. Ƙanena ne, ba shi ya yi min ba. Baba ya sa na maimaita masa don kada ya manta, ya yi ta sa min albarka.

Da ranar ta zo, Baba da kansa ya raka yaron Abuja, mutumin da ko Kano ba ya son zuwa. A hanyarsu ta dawowa suka sauka a Wudil, ya zo har makarantar da nake koyarwa, ya aika a kira ni daga aji don ya gaya min na'urar ta karɓa.